Darasi: Yadda Wutar Daji Ke Shigowa Gida

'Yan'uwa, a ƙasar Malam Madori da zarar an ce bala'i, ambaliya ce ke faɗo mana a rai. Amma a aikinmu cikin ƙauyuka mun lura cewa shekarar da ruwa ya yi yawa, kamar 2022, ita ce ke barin ciyawa mai kauri a fadama. Ruwa ya janye, hunturu ya shigo daga Disamba, ciyawar ta bushe ƙayau. Waɗanda ruwa ya rushe wa ɗakuna kuma sun sake gini da kara da zana. Ka ga ashana ɗaya ta isa.

Akwai kuma kachalla. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, Kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani kamar dā, wannan ciyawa ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Manomi yakan cinna mata wuta don ya samu gona. Ba mu ga laifinsa ba. Haka masu farautar gafiya da makiyayi mai neman toho. Sai dai wuta ba ta san iyakar gona ba.

Abin da muke so kowane rukuni ya gane shi ne, sau da yawa ba harshen wuta ke fara cin gida ba, tartsatsi ne. Iskar hunturu daga arewa maso gabas takan ɗauko shi ta tsallake fili da shi, ta sauke a kan jinka, ko harawar da muka shanya a kan rumfa, ko karan dawa da muka jingina da darni. Daga darni zuwa rumbu, daga rumbu zuwa ɗaki. Da hannunmu muka shimfiɗa mata hanya. Ko a Amurka haka ne: a Agustan 2023 busasshiyar ciyawa da iska suka kai wuta cikin garin Lahaina, mutane wajen 100 suka rasu, alhali suna da motocin kashe gobara. Mu da sai guga da ɗanyen ganye fa?

Saboda haka, da an gama girbi, a fito aikin gayya a share bayan gari, faɗin taku goma ko fiye, har sai ƙasa ta fito fili, musamman ɓangaren da iska ke fitowa. A tara kara da harawa can nesa da ɗakin kwana, kada a haɗa rumbuna wuri guda. Wanda ƙuna ta zame masa dole, ya yi da yamma bayan iska ta kwanta, ya sanar da bulama da maƙwabta, kada ya tafi sai ta mutu. Littafin Fitowa sura 22 ya ɗora biyan diyya a kan wanda ya kunna wutar da ta cinye hatsin wani. Aikin nan kuwa ba na 'yan ikkilisiya kaɗai ba ne. Darninmu da na maƙwabtanmu Musulmi a manne suke, sai a nemi dagaci ya kira kowa.

Iyayenmu mata, tokar murhu takan riƙe garwashi har washegari. A yayyafa mata ruwa kafin a aiki yaro ya zubar a bayan danga.

Domin tattaunawa: kowa ya zaga gidansa kafin taro na gaba, ya zo ya faɗa mana abin da ke tsakanin ciyawar daji da rumbunsa.