Darasi Na 17: Ɗaukan Hoton Fure da Ganye

A dā, in mutumin Fagge yana son hoto, sai ya sa babbar riga ya tafi Sabon Gari. Can zai tarad da mai hoto da akwatinsa mai ƙafa uku. Mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya ce kada a motsa. Hoto ɗaya kuɗi ne masu yawa, saboda haka ba mai ɓata shi a kan ganye. Yanzu kuwa ɗan tireda da ɗan dako duk suna da kyamara a cikin waya. Amma har gobe fuskokinmu kaɗai muke ɗauka.

A ƙasar Faransa aka bayyana wa duniya dabarar hoto, cikin 1839. Bayan shekara huɗu, watau 1843, wata mata a Ingila mai suna Anna Atkins ta fitar da littafi na hotunan ciyayin teku. Ba ta ko yi aiki da kyamara ba. Takan shimfiɗa ciyawa a kan takarda mai magani, ta shanya a rana, sai siffar ta fito fara a kan shuɗi. Ka ga ashe tsiro yana cikin abubuwan da aka fara ɗauka.

To, mu gwada da tumfafiya, gama ba kangon da ba ta. Akwai ta a gefen hanyar jirgin ƙasa, akwai ta a bakin Jakara. Kowa ya san ta, amma in an tambaye ka kunnuwan furenta nawa ne, ka sani? Biyar ne. Gindinsu fari, bakinsu shunayya, a tsakiya kuma ga wani abu kamar ƙaramar hula mai tudu biyar. Atamfar Kantin Kwari ba ta fi shi zane ba, shi kuwa kyauta ne.

Da farko goge idon kyamara da gefen riga. Maiƙon yatsa shi ke sa yawancin hotuna su yi hazo, mutane su riƙa zagin waya. Sa'an nan ka tsuguna, ka matsa kusa. Kada ka jawo furen da yatsu a kan gilashin waya, don hoton dishi-dishi zai yi. Kai za ka je wurin fure. Amma kusancin yana da iyaka. Yawancin wayoyi ba sa gani sosai in abu ya fi faɗin tafin hannu kusa, watau kamar inci 4. In ka ga ya dushe, ja da baya kaɗan, ka taɓa furen a gilashi, ka jira ya washe.

Ga wani abin lura. Da zarar ka matsa kusa, wuri kaɗan ne zai fito sarai, abin da ke gaba da abin da ke baya duk su dushe. Wannan ba aibu ba ne, haka idon kyamara yake. Sai ka zaɓi abu ɗaya da kake so a gani. Ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka riƙe numfashi, kana ka danna.

Kada ka karya reshen tumfafiya don ka gyara shi. Farin ruwanta in ya shiga ido yakan sa mutum ya kwana da kwanaki yana gani garara. In ya taɓa hannunka, wanke da sabulu.

Rana tsaka ba lokacin hoto ba ne, farin fure yakan ƙone ya zama kamar takarda. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi. Safiya tana da wani amfani, iska ba ta taso ba tukuna. Wanda ya nemi furen dogon yaro zai gane haka. Shi dogon yaro asalinsa itacen Indiya ne, a 1928 aka kawo shi lardin Barno. Da bazara yakan yi fure fari mai ƙamshi, bai fi ƙwayar wake ba, iska kaɗan ta kaɗa shi. Sa yaro ya riƙe maka baƙar hula a bayansa, za ta tare iska, furen kuma ya fito fes.

Wani zai ce, wannan ai wasan marasa aiki ne. To, tambayi masu lambu. A 2016 wata tsutsa da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, har tumatir ya gagari talaka a kasuwa. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Tsawonta bai kai rabin inci ba, kuma cikin naman ganye take shiga ta ci, ta bar tabo fari-fari. Ƙwanta kuwa kamar ƙura yake, sau da yawa a bayan ganye. Kafin mai lambu ya gane daga nesa, ta gama da fadama.

In ka ga irin wannan tabo, juya ganyen, ka ɗauki gaba da baya. Ajiye tsinken ashana a gefe don a san girman abin. Ka ɗauki kuma shukar gaba ɗaya. Hotuna uku ke nan. Kai wa malamin gona, ko ka aika masa, kafin ka ba mai magani kuɗinka. Maganin wata tsutsa ba lallai ne ya kashe wata ba, ga shi kuma guba ne a kan abin da za a ci.

Aiki: Kowa ya ɗauko hoton fure ɗaya na unguwarsu. Ya rubuta a littafinsa sunan itacen, da inda ya gan shi, da kwanan wata, da yawan kunnuwan furen. Wanda ba shi da waya ya tsuguna ya zana da fensir.