Yadda Ake Gane Halin Babban Adadi

Duk mai son ya san halin wani babban adadi, ya kuma san ajin da malaman hisabi suka sa shi, kada yawan lambobinsa ya razana shi, domin hanyar da magabata suka bari ba ta bukatar kome sai alƙalami da takarda da natsuwa. Bari mu ɗauki 8128 mu yi aiki da shi.

Da farko a dubi lambar ƙarshe: in 0, 2, 4, 6 ko 8 ce, adadin shafa'i ne, in ba haka ba wuturi ne. Namu shafa'i ne, saboda haka sai a yi ta raba shi biyu har ya ƙi rabuwa, watau 4064, 2032, 1016, 508, 254, 127. Daga nan a jarraba 127 da 3, 5, 7 da 11, ba kuwa sai an wuce nan ba, tun da 12 sau 12 ya zarce shi. Da yake babu wanda ya raba shi ba saura, ya tabbata adadi awwali, wanda ba ya rabuwa sai da ɗaya da kansa. Ke nan 8128 shi ne 64 sau 127.

Aikin da ya fi muhimmanci, wanda kuma gaggawa ta fi ɓatawa, shi ne fitar da juzu'an adadin, watau dukan abin da ke raba shi daidai, ban da shi kansa. Domin in aka manta da guda ɗaya, hukuncin duka ya rushe. Ga su: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, jimlarsu 127, sai 127, 254, 508, 1016, 2032, 4064, jimlarsu 8001.

To, sai a haɗa a gwada da asalin adadin. In jimla ta gaza, naƙisi ne, kamar 10. In ta zarce, za'idi ne, kamar 12. In kuwa ta zo daidai, kamili ne. A nan 127 da 8001 sun ba da 8128 cif, lalle kuwa abin sha'awa ne, domin a ƙasa da shi kamilai uku ne kacal, 6, 28 da 496, na bayansa kuma sai 33,550,336.

Wannan kasafi na naƙisi da za'idi da kamili yana cikin littafin malamin hisabi Niƙomakus, wanda Sabitu ɗan Ƙurra, malamin Bagadaza da ya rasu a 901, ya fassara da Larabci. Uƙlidis kuwa, shi ma malamin hisabi, tun kafin nan ya nuna cewa in ka tara 1, 2, 4, 8 haka haka, jimla ta faɗa kan awwali, to ka ninka ta da adadin ƙarshe da ka tara, kamili zai fito. Har yau ba a sami kamili wuturi ko ɗaya ba. Mai karatu ya ɗauki 496 ya bi matakan nan da hannunsa.