Darasi na 14: Itacen Lambu da Ya Ƙi Fure

A kowane gari na ƙasarmu, daga Talatar Mafara har Bakura da Maradun, ba a rasa mutumin da ya sha mangwaro mai zaƙi, ya binne ƙwallon a lambunsa. Ya yi masa shinge saboda awaki. Ya yi ta ɗibar ruwa yana zuba masa shekara da shekaru. Itace ya girma, ganye ya yi duhu, amma ba fure, balle ɗa. Ran da haƙuri ya ƙare, sai a ɗauko gatari.

To, jama'a, a dakata da gatari tukuna. Sau da yawa itacen da aka sare saura shekara guda ya fara haihuwa. Kowane rashin fure da dalilinsa, mai lambu kuwa yana iya gane dalilin da idonsa. (Mu nan muna cewa hure, amma a littafi fure ake rubutawa.)

Da fari a ƙidaya shekarunsa. Itacen da ya tsiro daga ƙwallo yana da ƙuruciya kamar ɗan Adam. Mangwaron ƙwallo yakan yi shekara 5 zuwa 8 kafin ya fara fure. Lemun zaƙi na iri yakan kai shekara 7, wani ma ya wuce 10, yana ta fid da ƙaya. Lemun tsami da gwaiba sun fi su sauri. In itacenka bai kai waɗannan shekaru ba, lafiyarsa lau, yaro ne kurum. Taki ba ya mai da yaro babba. Kada kuma ka riƙa datse kan lemun iri, gama datsewar tana ƙara masa jinkiri.

In shekaru sun cika, sai a duba ruwa. A nan ne masu ƙwazo suka fi cutar kansu. Mangwaro ba ya fure sai ya huta. Bayan ɗaukewar ruwan sama, ƙasa ta bushe, sanyin hunturu ya sauko, sai itacen ya daina fid da sabon ganye. Rassan da suka fito da damina su ƙosa. A kan waɗannan rassa, can a ƙarshensu, fure yake fitowa, daga Disamba zuwa Fabrairu. Watau bushewar ƙasa da sanyin dare su ne ke tashe shi.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, lambuna da yawa a wajenmu suka sami ruwan rani. Alheri ne babba. Amma ku lura da mangwaron da ke tsakiyar fangalin albasa ko tumatir. Duk ruwan da aka kora wa albasa, shi ma ya sha. Duk takin zamani da aka watsa, musamman yuriya, saiwarsa ta kwasa. Ran da ya kamata ya yi fure, sai ka ga jan ganye sabo ya rufe shi. Mai shi yana murna, yana cewa itacensa ya fi na kowa kyau. I, ya fi kyau, amma inuwa kaɗai zai samu. Mangwaron maƙwabcinsa da ke kan tudu, wanda ba mai kula da shi, shi ne yara za su jefa da bazara.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. In itacen ya isa haihuwa, a yanke masa ruwa tun daga ƙarshen Oktoba, wata biyu ko uku. A yi masa kunya kewaye da gindi, daidai inda inuwarsa ta tsaya, don kada ruwan fangali ya shiga. Sai 'ya'ya sun ɗaura, sun kai kamar ƙwayar gujiya, sa'an nan a koma ban ruwa. Taki kuwa a ba shi bayan an gama tsinka, da farkon damina. Wannan magana ta babban itace ce. Ƙaramin dashe tilas a yi ta ba shi ruwa duk rani, in ba haka ba ya mutu.

Haka kuma wanda ya sassare rassa da kaka ya ba dabbobi, ya sare furen bana ke nan. Itacen da aka dasa ƙarƙashin dogon yaro, ko aka cunkushe shi da 'yan'uwansa, ba zai yi fure ba sai ta gefen da rana ke bugu. Tsakanin mangwaro da mangwaro a bar yadi 10 zuwa 12.

Gwanda da dabino kuwa nasu daban ne, domin suna da namiji da mace. Gwanda takan yi fure tun ba ta cika shekara ba. Ku dubi furen. In ƙanana ne masu yawa, suna reto a kan dogon sili, namiji ne. In babba ne, yana manne a jikin itacen inda hannun ganye ya fito, mace ce. Akwai kuma wadda ta haɗa biyun a fure ɗaya, ita ma tana haihuwa. Wasu sukan gille kan namijin, wai don ya rikiɗa ya zama mace. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya dogara ga wannan. Dabarar ita ce a shuka uku a rami ɗaya. In sun yi fure, a bar mace, a cire sauran. Amma kada a ƙarar da mazan duka. A bar namiji ɗaya ga mata kamar goma. Dabino shi ma in ƙwallo aka shuka, wajen rabi maza ne, ba kuwa za a gane ba sai sun yi fure, bayan an yi shekaru ana wahala. Saboda haka masu dabino suke cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa mai kyau su dasa.

Wani itacen yana fure, amma furen ya kakkaɓe. Kada hankali ya tashi nan da nan. A cikin furen mangwaro ɗari, da ƙyar ɗaya yake zama ɗan da za a sha. Mangwaro kuma yakan cika bana, ya huta baɗi. Amma in ka ga wani fari-fari kamar gari ya lulluɓe furen, daga baya ya yi baƙi ya zube, cuta ce, sai a kai wa malamin gona reshe ya gani. Kada a fesa maganin ƙwari sa'ad da fure yake buɗe. Ƙudaje da zuma da kuke gani suna yawo a kai, su ne ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. In an kashe su, ba ɗa.

Saura itacen da ya haura shekara 10, yana shan rana, an hutar da shi, duk da haka bai yi abin kirki ba, ko ya haifi 'ya'ya masu tsami da zare. Ƙwallon mangwaro mai aure ba ya gadon uwarsa sosai, yana iya fitowa da wani hali dabam. Ko wannan ma ba na gatari ba ne. Saiwarsa ta riga ta kafu, dukiya ce. A rage masa manyan rassa, in ya tofo sai a nemi wanda ya iya aure, ya ɗauko reshe daga itacen da aka san zaƙinsa ya ɗaura a kai. Cikin shekara 2 ko 3 sai a fara sha. Wanda zai yi sabon dashe kuwa, ya sayi mai aure tun daga fari, gama shi yakan yi fure a shekara 3 ko 4.

Aikin wannan mako: kowa ya zaga lambunsa da fensir da takarda. Ya rubuta sunan kowane itace, da shekarar da aka shuka shi, da watan da aka daina ba shi ruwa bara. A kawo takardun aji ranar Alhamis, mu karanta tare.