Me Ya Sa Kwamfuta Ke Nishi Idan Ana Duba Hoton Kyamarar Tsaro?

Gabatarwa

Kyamarar tsaro, wadda aka fi sani da si-si-ti-bi, ta daina zama baƙon abu a garuruwanmu. A Nguru da Gashuwa za a gan ta a bankuna da gidajen mai da manyan shaguna, har da wasu rumfunan masu cirar kuɗi. Kafa ta ba wuya. Wuyar tana zuwa ne ranar da aka yi ɓarna, aka zauna gaban kwamfuta domin a duba abin da ta naɗa. Sai hoto ya riƙa tsayawa yana tsalle, fanka ta kama kuka, linzami ya ƙi motsi. Wannan darasi zai yi bayanin dalilin haka da yadda ake bin matsalar daki-daki.

Tun da mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara daidaita kalmomi. Abin da masu gyara ke kira furosesa, mu za mu kira shi ƙwaƙwalwa, domin shi ke yin lissafin kwamfuta. Na'urar da wayoyin kyamarori ke shiga, wadda suke kira di-bi-ar, ita ce akwatin naɗiya. Abin da ke cikinta yana adana hotuna shi ne faifai. Ƙananan tabon da ke haɗuwa su ba da hoto kuwa, ɗigo.

Daga ina nauyin yake?

Bidiyo ba komai ba ne illa hotuna a jere. Kyamarar da ake kira 1080p tana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600 a hoto guda. Idan tana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, ɗigo miliyan 52 ke nan, ba kaɗan. Mai kyamara 16 da ya buɗe su duka lokaci ɗaya yana neman kwamfutarsa ta shirya ɗigo kusan miliyan 830 a kowace daƙiƙa.

Da za a adana wannan yadda yake, kyamara ɗaya tak za ta cika faifai mai terabayit 1 cikin ƙasa da sa'a huɗu. Saboda haka ake matse shi. Dabarar matsewar kuwa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta nahawu. Dubi wannan jimla: "Audu ya tafi kasuwa, ya sayi gero, ya ɗora a kura, ya dawo gida." Sau ɗaya aka ambaci Audu, daga nan sai "ya" ta ɗauki nauyinsa. Haka akwatin naɗiya yake yi. Yakan ajiye cikakken hoto guda, galibi kowace daƙiƙa biyu, sauran hotunan da ke tsakani kuwa abin da ya sauya kawai ake rubutawa: mutum ya gusa, ƙofa ta buɗe. Bango da kanta da ba su motsa ba, ba a sake faɗarsu.

To amma wanda ya tarar da zance a tsakiya ya ji "ya ɗora a kura", dole ya koma baya ya gano wane ne "ya". Wannan shi ne aikin kwamfuta a lokacin kallo. Kowane hoto sai ta sake gina shi daga wanda ya gabace shi. Shi ya sa mayar da bidiyo baya, ko tsalle daga ƙarfe biyu zuwa ƙarfe huɗu, ya fi kallo a jere wahala. Shi ya sa kuma gudu ninki 8 ko 16, wanda kowa ke dannawa don ya gama da wuri, yake iya ninka mata aiki.

Tsarin matsewa iri biyu ne suka fi yawa. H.264 ya fito a 2003, H.265 kuma a 2013. Na biyun yana rage wurin ajiya da kusan rabi, amma warware shi ya fi cin ƙarfi. Kamfanin Intel ya sa wani sashe na musamman mai warware bidiyo a cikin ƙwaƙwalwarsa tun 2011, sai dai sashen bai iya H.265 sosai ba sai a zubi na shida, na 2015. A nan gizo ke saƙa. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake sayowa daga Kano zubi na uku ne ko na huɗu, kyamarorin Hikvision da Dahua na yanzu kuwa suna zuwa da H.265. Gane zubi ba wuya: i5-3320M na uku ne, i5-6200U na shida, lambar farko bayan karan ɗori ita ce shaida.

Yadda ake bin matsalar

Kafin komai, a kwafe. Akwatin naɗiya idan faifansa ya cika yakan shafe tsohon hoto ya ɗora sabo, ba tare da ya yi sallama ba. Kyamara 8, kowace tana cin megabit 2 a daƙiƙa, za su cika terabayit 1 cikin kwana shida. A ɗauka an fasa shagon hatsi a kasuwar Nguru daren Alhamis, mai shago ya tsaya jiran mai gyara ya zo daga Gashuwa sai mako na gaba. Kafin ya iso shaidar ta tafi. Don haka a fara tura hoton daren gaba ɗaya cikin filasha daga akwatin, sannan a zauna gyara.

Daga nan a kunna bidiyon, a danna Ctrl da Shift da Esc tare. Taga za ta buɗe mai nuna kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin ƙwaƙwalwa ake ci, da manhajar da ke cinsa. Idan wata ce dabam, kamar mai farautar cuta ko Chrome, a rufe ta, an gama. Idan kuwa manhajar kyamarar ce, irin su iVMS-4200 ko SmartPSS, ta kai 90 ko 100 alhali sashen hoto yana zaune ba ya komai, to a shiga saitinta a kunna wurin da aka rubuta Hardware Decoding. Ma'anarsa a miƙa aikin warwarewa ga sashen da aka yi dominsa. Sau da yawa daga nan nishin yake tsayawa.

In bai tsaya ba, a rage kaya. Ba dole ne a kalli kyamara 16 ba don neman wanda ya shigo ta ƙofa ɗaya. A buɗe ɗaya ko biyu, a yi amfani da binciken motsi, wanda zai kai mutum daidai lokutan da wani abu ya gitta, maimakon kallon dare sukutum da gudu.

Akwai kuma abin da littattafan da ke zuwa cikin kwali ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa da shi muke kwana: zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu zafin arewacin Yobe yakan haura digiri 40, hunturu kuma ya riga ya cusa ƙura a hancin kwamfuta. Ƙwaƙwalwa idan ta doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Alamar wannan a fili take: bidiyo ya fara lafiya lau, bayan minti goma ya soma ɗingishi. Maganinsa a hure ƙura, a sauya man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyayawa, a daina ɗora laftof a kan katifa ko darduma. Haka nan idan wuta ta ɗauke laftof ta koma kan batir, takan tsuke ƙarfinta don tattali, sai a haɗa ta da sola ko janareto.

Idan kuwa ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 30 ko 40 ba amma hoto yana tsayawa, kada a ɗora mata laifi. A duba waya tsakanin akwati da kwamfuta, a duba faifai. Faifan kwamfuta na gama-gari ba a yi shi don rubutu dare da rana ba, akwai waɗanda aka yi don haka, kamar WD Purple da SkyHawk.

A ganina, shawarar "sai an sayi sabuwar kwamfuta" ita ya kamata ta zo ƙarshe, ko da yake ita ake fara ba mutane. Mai tsohuwar kwamfuta yana iya mayar da kyamarorinsa kan H.264, ya haƙura da cewa faifai zai riƙa cika da wuri. Sai dai wannan sauyi hotunan gaba kawai zai shafa. Wanda aka riga aka naɗa da H.265, hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa akwatin naɗiya da talabijin ta wayar HDMI a kalla kai tsaye, domin akwatin yana da nasa sashen warwarewa.