Darasi a Kan San Turke da Iskar Tumbinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore mana dabbobin ni'ima. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, a aya ta 66 ta Suratun Nahli akwai kalmar "farsu" wadda ɗalibai kan yi tuntuɓe da ita. Ma'anarta abincin da ke cikin tumbin dabba tun bai zama kashi ba, kuma daga tsakaninsa da jini ne Allah Yake fitar da madara tsarkakakkiya. To, a tumbin nan akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke ruɓar da ciyawa, su haifar da wata iska da ake kira metan, wadda sa ke fitar da galibinta ta hanyar gyatsa. Masana sun auna cewa cikin shekara 100 tana riƙe zafi wajen ninki 28 na iskar da ƙona mai da gawayi ke fitarwa. Ƙaruwar zafin nan kuwa na cikin abin da ke rikita mana damina.

A Amurka akan tara dubban shanu wuri guda ana ɗura musu masara. Mu kuwa a Gaya da Ajingi, mutum kan sayo sa ɗaya ko biyu ran Juma'a a kasuwar Wudil, ya ɗaure a turke. Alhakinmu bai kama ƙafar nasu ba, amma ba a ce babu ba.

Dabbar da ka ɗaure ba ta da ikon nema wa kanta abinci, saboda haka ciyar da ita ya wajaba a kanka. Ai kun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. San da aka bari da busasshen kara kan daɗe bai yi ƙiba ba, kullum kuwa yana gyatsar nan. Wanda aka haɗa wa harawa da dusa da kowar wake da kanwa, cikin 'yan watanni ya isa kasuwa, iskar da ya fitar kafin ya yi nama ta ragu.

Sai batun kashi. In aka jibge shi a jiƙe, iska ba ta ratsa shi, shi ma metan yake fitarwa, ga wari da ƙuda suna damun maƙwabci, alhali shari'a ta hana cutar da shi. A riƙa kwashe shi ana shanyawa, kafin shuka a kai gona.

Wallahu a'alamu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.