Yadda Ake Gano Matsalar Layin Fitilu Kafin A Ɗora Wa Bireka Laifi

Duk lokacin da fitilun wani sashe na gida suka ɗauke alhali maƙwabta suna da wuta, shawarar da ake fara bayarwa ita ce a canza bireka. Wannan shawara ta ci kuɗin mutane, ta kuma ƙona gidaje. Aikin bireka shi ne ta faɗi idan wutar da ke bin waya ta wuce ƙima, saboda haka faɗuwarta galibi alama ce ta cewa lafiyarta ƙalau, cutar tana wani wuri cikin layin. Ita za a bincika a ƙarshe.

Fara da duba wacce ta faɗi a akwatin bireka. Idan mai faɗin nan ce da ke da ɗan maɓallin gwaji, wadda aka rubuta wa 30mA, to wuta ce ke yoyo zuwa ƙasa, kuma da damina ruwan da ya shiga fitilar waje ko ya ɗiga ta kwano cikin silin shi ne abin zargi na farko. Idan siririya ce mai 6A ko 10A, lura da yadda take faɗuwa, domin hanyoyin tsinke wuta biyu ne a cikinta. Akwai maganaɗisu da ke fizge ta nan take idan wayoyi biyu suka haɗu, akwai kuma ɗan ƙarfe da ke lanƙwashewa sannu a hankali idan ya ɗau zafi. Wadda ta faɗi da ƙara da zarar an ɗaga ta tana cewa wayoyi sun haɗu. Wadda ta jure na wasu mintuna sannan ta faɗi tana cewa kaya sun yi yawa ko wani wuri yana zafi. Kada a yi ta ɗaga ta tana faɗuwa, kowane tartsatsi yana cin bakin ƙarfen cikinta.

Yanzu kashe kowane makunni da ke layin, har da na fanka, ka ɗaga bireka. Idan ta zauna, kunna su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kayar da ita ya nuna maka ɗakin. A nan sai a kashe wuta a duba mazaunin ƙwan ko ya narke, da mahaɗar waya da aka naɗe da salatif ta warware, da inda ɓera ya gwaguye roba a silin.

Batun yawan kaya yana son ɗan lissafi. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, don haka bireka mai 6A tana ɗaukar wat 1,380. Ƙwan LED yana cin wat 10 ko kusa da haka, fankar sama kuma ba ta cika kai wat 100 ba. Fitilu kaɗai ba za su cika wannan ma'auni ba. Idan layin fitilu yana faɗuwa don nauyi, kusan ko da yaushe wani ne ya jona soket a jikinsa, ana sa dutsen guga ko hitar ruwa, waɗanda ɗaya kaɗai kan ci wat 1,000 zuwa 2,000. Nemo wannan jonin ka raba shi.

Sai idan duk makunnai suna kashe amma tana faɗuwa ne za a buɗe akwatin, kuma nan ne wurin haɗari. Kashe babban makunni, kashe janareto, kashe inbata ko sola idan akwai, domin gida mai hanyar wuta biyu yana iya zama da wuta bayan an kashe ɗaya. Ka sani cewa wayoyin da suka shigo babban makunnin daga mita suna da wuta ko an kashe shi, kada hannu ya je wurin. Gwada da mitar awon wuta kafin ka taɓa komai. Ƙaramin tastan nan mai kama da sukundireba ban yarda a dogara da shi ba: yakan haska a wayar da kawai take kwance kusa da mai wuta, kuma cikin hasken rana ko a kan busasshen katako yakan ƙi nunawa alhali wutar na nan. Wanda bai iya riƙe mita ba ya tsaya a nan ya kira mai gyaran wuta.

Kafin ka kwance komai, duba ka sansana. Baƙi ko ruwan ƙasa a jikin roba, warin ƙuna, ko waya mai motsi a bakinta suna nuna sukurun ya saki. Wurin da ya saki yana zafi, zafin yana shiga ɗan ƙarfen nan ya kayar da ita ko babu nauyi, kuma wannan ne ke sa a yi zaton ta lalace. Yanke inda wayar ta ƙone, fere sabon baki, ɗaure tamau. Idan ba haka ba ne, cire wayar da ta fita zuwa ɗakuna, rufe bakinta, mayar da wuta, ɗaga bireka. Idan ta faɗi ko ta ƙi maƙalewa babu komai a jikinta, ta mutu. Idan ta zauna amma mita ba ta nuna wuta tsakanin mafitarta da nutural ba, alhali akwai a mashigarta, nan ma ta mutu. Idan ta zauna kuma wuta na fita, sake kashe komai ka mayar da wayar kan wata bireka mai lamba iri ɗaya. Ita ma ta faɗi, to matsalar tana cikin waya. Ta zauna tana ɗauke da fitilun, to ta farkon ta raunana.

Wani zai ce ai an sa masa babba, mai 32A, kuma tun daga ranar ba ta sake faɗuwa ba. Haka ne, amma korar maigadi aka yi don ya cika ihun ɓarawo. Wayar fitilu mai kaurin 1.5mm² ba ta jure fiye da amfiya 15 zuwa 20, kuma cikin zafin silin na watan Afrilu ƙarfinta bai kai haka ba. Bireka mai 32A za ta bar wayar ta yi ta dahuwa har robar ta narke a kan katakon rufi. Wani kuma zai ce bireka ma tana lalacewa, musamman ta jabu da ta cika kasuwa. Wannan gaskiya ne, shi ya sa gwajin da ke sama ya zama dole. Idan ta tabbata ta mutu, sayi mai lamba ɗaya da harafi ɗaya, B ko C, kamar yadda aka rubuta a fuskar tsohuwar. Schneider, ABB da Hager suna da kyau idan na asali ne. Kuɗinsu ya fi, amma a saya wurin dillalin da zai ba da rasit.

Saura yanayin da fitilu suka ɗauke bireka kuwa tana sama. Idan wuta na fita daga bakinta, bi wayar nutural a sandar da aka jera su, sau da yawa ɗaya ce ta saki. A gida mai layi uku, duba ko layi ɗaya ne ya tafi tun daga turke ko fis ɗinsa ya ƙone, domin wannan aikin ma'aikatan kamfanin wuta ne.