DARASIN WATA: Kayan Gyaran Hoto, Mai Tsada da Mai Araha

Darasinmu na wannan wata a kan gyaran hoto ne. Yau da wuya a sami ƙauyen da babu waya mai ɗaukar hoto. Ana ɗaukar hoton biki da na suna, ana ɗaukar na gona da na dabbobi. Idan hoto ya yi duhu ko ya karkace, da manhaja ake gyara shi.

Manhaja kayan aiki ce da ake zubawa cikin waya ko kwamfuta. Ta gyaran hoto iri biyu ce. Akwai ta ƙwararru mai tsada, akwai kuma mai araha, wata ma kyauta ce. Wanda ya san bambancinsu ba zai kashe kuɗinsa a banza ba.

MENE NE A CIKIN HOTO?

Dubi hular da aka ɗinka da hannu. Daga nesa zane ɗaya kake gani. Idan ka matso da ita kusa da ido, sai ka ga ƙananan ɗinki ne a jere. Haka hoton waya yake. Ƙananan ɗigo ne masu launi, dubbai a jere. Hoto mai ɗigo da yawa ya fi fitowa sarai, kamar yadda hula mai matsattsen ɗinki ta fi kyau.

Masu buga hoto suna son ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai faɗin inci 4 da tsawon inci 6 yana bukatar ɗigo 1,200 a faɗi da 1,800 a tsawo. Idan ɗigon ya gaza da yawa, hoton zai fito dishi-dishi a takarda, kowace manhaja aka sa.

MANHAJAR ƘWARARRU

Wadda ta fi suna ita ce Photoshop. Wa da ƙane ne a Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, suka fara haɗa ta a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Kamfanin Adobe ya fito da ita kasuwa a 1990. Da can sayenta ake yi sau ɗaya. Tun daga 2013 haya ake biya, duk wata ko duk shekara. Idan ka daina biya, ta daina yi maka aiki.

Akwai kuma CorelDraw, wadda ta fito daga Kanada a 1989. An fi amfani da ita wajen tsara katin biki da kalanda da allon shago. Idan ka shigo birnin Katsina, ka bi ta titin IBB ko wajen Ƙofar Ƙaura, za ka ga shagunan masu hoto da masu buga takardu. Yawancinsu da waɗannan biyun suke aiki.

Ga abin da ya sa ƙwararru suke son Photoshop:

1. Tana aiki hawa-hawa, kamar an shimfiɗa tabarma a kan tabarma. Mutum yana hawa ɗaya, bango yana wani, rubutu yana wani. Ana iya gyara ɗaya ba a taɓa sauran ba.

2. Ta san launin bugu. Fuskar waya tana haɗa launi daga haske uku: ja da kore da shuɗi. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, har da baƙa. Shi ya sa riga takan yi kyau a waya, amma ta sake launi a takarda. Photoshop tana daidaita wannan kafin a buga.

3. Tana aiki mai wuya. Tsohon hoton da ya yage, ko gara ta ci gefensa, ƙwararre yana iya cike shi ɗigo bayan ɗigo.

Amma tana bukatar kwamfuta mai ƙarfi da wutar lantarki. Koyonta kuma yakan ɗauki watanni.

MANHAJA MAI ARAHA

Yawancin waɗannan a waya suke aiki. Akwai Snapseed, wadda ta fito a 2011. Kamfanin Google ya saye ta a 2012, kuma kyauta ce. Akwai PicsArt. Akwai Canva, wadda ta fito daga Ostareliya a 2013. A cikin waɗannan biyun wani aikin kyauta ne, wani kuma sai an biya.

Da su mutum zai iya yanke gefen hoto, ya miƙe wanda ya karkace, ya ƙara wa mai duhu haske, ya rubuta suna ko farashi a kai. Wanda ya iya karatu zai koyi wannan cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ga mai kwamfuta akwai GIMP. Ɗalibai biyu ne suka fara ta a wata jami'a ta Kalifoniya a 1995. Kyauta ce, kuma ita ma tana aiki hawa-hawa. Saurayin da yake son koyon sana'ar hoto, amma ba shi da jari, yana iya farawa da ita.

Sai dai Hausawa sun ce araha ba ta ado. A kula da abubuwa huɗu:

1. Wasu suna yawan nuna talla, talla kuwa tana cin data.

2. Wasu suna manna tambarinsu a jikin hoto, sai an biya su cire.

3. Wasu suna cewa ka gwada kyauta na 'yan kwanaki, amma su nemi lambar katin banki. Kwanakin suna cika, sai su fara cirar kuɗi. Kada ka sa lambar katinka inda ba ka gane ba.

4. Wasu suna tura hoton zuwa intanet kafin su gyara shi. Ka yi tunani kafin ka sa hoton iyalinka a ciki.

Akwai kuma masu wanke tsohon hoto da kansu, irin su Remini. Waɗannan cankar fuska suke yi. Inda hoton ya goge, sai su ƙago ido ko hanci. Hoton zai yi kyau, amma wataƙila kamannin mai shi sun sauya.

WACE ZA KA ZAƁA?

Mai lambu a bayan gida ba ya hayar tarakta, fartanya ta ishe shi. Mai babbar gona kuwa ba zai gama ta da fartanya ba. Haka zancen manhaja yake. Aikin da ke gabanka shi zai gaya maka wadda za ka ɗauka.

Mai kiwo a Mashi ko Kaita yana son ya nuna wa mai saye a birni ragonsa. Manhajar waya ta ishe shi. Ya ɗauki hoton da safe, rana tana bayansa, ya yanke gefe, ya rubuta farashi. Haka ma mai saƙar tabarma ko mai ƙuli-ƙuli.

Ƙungiyar manoma tana son babban ƙyallen taro, ko iyali suna son a gyara hoton kakansu a sa a bango. Wannan aikin ƙwararre ne. Ba sai sun sayi manhajar ba. Su kai shago, su biya kuɗin aikin kaɗai.

Wanda ya buɗe shago, aiki yana shigo masa kullum, shi ne hayar manhaja mai tsada za ta yi wa riba. Amma ya guji ta sata da ake zubawa a ɓoye. Haƙƙin wasu ne, kuma takan zo da cutar da ke lalata kwamfuta.

IDAN ZA KA KAI HOTO SHAGO

1. Ajiye asalin hoton, kada ka goge shi bayan gyara.

2. WhatsApp yakan rage ɗigon hoto idan an tura. Gara ka je da wayar a kwashe shi kai tsaye.

3. Yi ciniki kafin a fara aiki.

4. Duba hoton da rubutun sunaye a kwamfuta kafin a buga.

5. Idan na iyali ne, ka ce a goge shi daga kwamfutar bayan an gama.

A RIƘE GASKIYA

Hoton fasfo shaida ne. Ana manna shi a takardar banki da ta makaranta da ta ƙungiya. Kada a ƙara wa fuska fari, kada a goge tsaga ko tabo. Idan hoto bai yi kama da mai shi ba, ana iya mayar masa da takardarsa, ya yi asarar kuɗin mota da na hoto.

Haka kuma kada a ƙara wa rago ƙiba ko a ɓoye aibinsa a hoto. Mai saye zai zo ya gani da idonsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa.

TAMBAYOYI

1. Mece ce manhaja?

2. A wace shekara Photoshop ta fito kasuwa?

3. Kawo sunan manhaja biyu da ake samu kyauta.

4. Hoto mai faɗin inci 5 ɗigo nawa yake bukata a faɗi?

5. Don me bai kamata a gyara fuska a hoton fasfo ba?

A rubuta amsoshin a littafi, a nuna wa malamin aji. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa maƙwabcinsa. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.